Jinin Efo Senyo

Shafi na 9

Na ga saƙonninku, har da na masu cewa na gudu na bar ku a tsakiyar hanya. Ban gudu ba, hannuna ne ba ya sauri a waya. Ku gyara zama.

Tun kafin Lauya Dela, wadda za ta tsaya wa Efo Senyo a kotu, ta tako gidanmu, sunanta ya riga ya zagaye tsakar gidan.

Direbobin tashar garinmu Ho sun ce in ta miƙe a kotu, ɗan sanda kan manta sunan garinsu. Matan kasuwa sun ce duk saurayin da ya je wurinta da maganar aure ba ya komawa, don tambaya ɗaya take yi masa ta haifi goma. Tasi Abla kuwa, gwaggon Efo Senyo mai sayar da busasshen kifi, cewa ta yi duk surutu ne, ita ta san yarinyar tun tana yawo da majina, kuma har gobe in ta ga ƙadangare sai ta ɗage ƙafa.

Ni dai ban sa baki ba. Ina bakin ƙofata ina tsintar wake.

Ga waɗanda suka same mu a hanya: Efo Senyo maƙwabcina ne, ɗakinsa na kallon nawa. Shi ke tuƙa motar da ke kai yara makaranta. Da can mashayi ne na ƙin ƙarawa, har Allah Ya taimake shi ya bari, shekaru masu yawa ke nan. Ranar da shi da surukinsa suke dawowa daga jana'iza a ƙauyen matarsa, cikin akori-kurar aro cike da kujeru, awaki suka tsallako titi. Ya kauce musu, mota ta faɗa rami, kansa ya bugu. A asibiti 'yan sanda suka sa aka ɗebi jininsa, sakamako ya fito da barasa a ciki fiye da abin da doka ta yarda. Makaranta ta dakatar da shi. Cikin satin nan za a shiga kotu, in aka kama shi da laifi lasin ya tafi, aiki ya bi bayansa.

Shi ya rantse ko ɗigo bai sha ba.

Matarsa, Daavi Esinam, ba ta yarda ba. Tana dafa masa, tana wanke masa, amma ta daina ce masa Baban Edem. Direba take kiransa yanzu.

Ranar Lahadi ce, an taso daga coci. Esinam na madafa tana tuƙa akple, tuwon masara irin nasu, miyar kuɓewa na tafasa a gefe. Mahaifinta, Papa Agbeko, dattijon coci, yana kan kujerarsa ta kullum yana jiran abinci, don ba ya fashin cin tuwon 'yarsa ranar Lahadi. Shi kaɗai ne ke cikin motar tare da Senyo ranar da abin ya faru. Ko ƙwarzane bai yi ba, ya kuma gaya wa 'yan sanda barci yake yi, bai ga komai ba.

Senyo na gindin mangwaro yana ɗinke takalmin ɗansa Edem, yana yin fito da baki kamar ba shi ake shirin kaiwa kotu ba.

Sai ga ɗan acaɓa ya sauke wata 'yar siririya da jaka a kafaɗa.

Esinam ta leƙo.

"Wannan ce lauyar? Ai muciyata ta fi ta kauri."

"Na ji ki, Daavi," in ji Dela tana dariya. "In kin ƙara min miya zan yi kauri."

Tasi Abla ta tare ta.

"'Yar Mansa! Kin girma kin ƙi aure. Zo nan in ga ko har yanzu kina tsoron ƙadangare."

"Ina tsoro, Tasi. Alƙalai ne ba na tsoro."

Aka ba ta ruwa, ta bi kowa ta gaishe shi, har ni. Aka tambaye ta abin da ke tafe da ita kamar ba a sani ba, ta faɗa kamar ba ta san sun sani ba. Sannan ta ja ɗan benci ta zauna gaban Senyo.

"Efo, ƙofofin da nake da su zan nuna maka, ka gani da idonka. Ba na son gobe ka ce lauya ta yi maka rufa-rufa."

"Nuna, ƙanwata."

"Nas ɗin da ta ɗebi jininka, da me ta goge maka hannu?"

"Ina zan sani? Ni da na farka na ga rufin asibiti, ɗauka na yi Aljanna ce ba a gama fenti ba."

Tasi ta fashe da dariya. Papa Agbeko ya yi gyaran murya, alamar ba a wasa da Aljanna ranar Lahadi.

"In da sifirit ta goge," in ji Dela, "zan iya cewa shi ya gurɓata jinin. Amma gaskiya ƙofar nan ƙarama ce. Ɗan abin da ke jikin auduga ba ya kai mutum inda aka ce ka kai."

"Da auduga na sa maye," in ji Tasi, "da tuni mashayan tasha sun tare a asibiti da tabarminsu."

"Ƙofa ta biyu ta fi faɗi. Jini in ya zauna cikin zafi, ba a sa masa maganin da ke hana shi lalacewa ba, yakan yi tsami ya haifi barasar kansa. Kamar bammi."

"Jinin mutum?" in ji Tasi.

"Jinin mutum. Kun kuma san yadda ake ɗauke mana wuta. Zan tambaye su inda kwalbar ta zauna, firjin na aiki ko ba ya yi, hannun wa da wa ta bi kafin ta kai ɗakin gwaji. In an bi ta ɓarawo, a bi ta mabi sawu. In suka kasa amsawa, alƙali na iya jefar da sakamakon."

Senyo ya ajiye takalmin.

"In ya jefar, me zai ce?"

"Zai ce ba a tabbatar da laifi ba."

"Ba zai ce ban sha ba?"

"Kotu ba ta cika faɗin haka ba, Efo."

"To riƙe firjinki tukuna." Ya yi murmushi. "Iyayen yaran nan hannu suke sa wa su miƙo min 'ya'yansu ta taga. Ba wanda zai miƙa ɗansa ga mutumin da aka ce wutar lantarki ce ta cece shi. Ita ma waccan..."

Ya nuna madafa da haɓa. Muciya ta ƙara ƙarfi a tukunya.

Papa Agbeko ya gyara zama.

"Na gaya maka tun farko, Senyo. Ka amsa laifi, ka biya tara, ka tuba. Coci ba ta rufe ƙofa ga mai tuba."

"Papa, wadda na sha na tuba tuntuni. Wadda ban sha ba, ta ina zan kamo tubanta?"

"Girman kai ne wannan."

"Ina na ga girman kai, ni da ke ɗinkin takalmi?"

Dela ta bar su suka gama. Na lura da ita, ba ta katse mutum.

"Akwai ta uku," in ji ta. "Jini ba ya ƙarya, amma ba shi da agogo. Abin da ke cikinsa lokacin da allura ta shiga yake faɗa. Bai san abin da ke cikinsa lokacin da hannunka ke kan sitiyari ba. Tsakanin ramin nan da allurar nan an daɗe, don sai da aka jira 'yan sanda suka zo. Me ka tuna a tsakani?"

"Awaki. Wata baƙa mai ciki ita ce a gaba. Daga nan sai rufin asibiti."

"To mu koma baya. A wurin jana'iza me ka ci?"

"Ban samu ci ba, ina ta ɗaukar kujeru."

"Me ka sha?"

"Ruwan leda."

"Ba wanda ya miƙa maka ɗan kofi don gaisuwa?"

Tasi Abla ta tafa hannu.

"Wane kofi? Tambayi dattijon coci, ga shi nan zaune. Kwalba guda ta akpeteshi, barasarmu ta gargajiya, aka kawo, mai kyau, dafin gaske, wadda in kin kusanta mata ashana sai ta kama. Za a zuba wa kakanni a ƙasa kafin a ɗauki gawa. Tsohon gida ya ɗaga kwalba ke nan, sai ga wannan bawan Allah ya taso kamar an tsikare shi. Ya fizge, ya ce ba a gidan da yake da jini a ciki ba. Ya yi mana wa'azi har rana ta take. Ya jefa kwalba a jakarsa. Ranar ko kakanni ba su sha ba, balle Senyo."

"Abin da ya dace na yi," in ji Papa, idonsa a kan ƙofar gida.

"Mamacin ma da ƙishi ya tafi."

"Abla, ki ji tsoron Allah."

"Ina ji. Shi ya sa ba na fizge abin mutane."

Senyo na dariya, Dela na dariya. Sai ga Esinam ta fito da muciya a hannu, gumi na bin goshinta.

"Ku daina wahalar da 'yar mutane. Firji, auduga, agogo. Ni na wanke rigar da ya sa ranar."

Ta juya ga Dela.

"Ni na wanke ta, Lauya. Hancina ya san warin nan fiye da duk injinan asibitinku. Shekarun da na yi ina ɗauko mutumin nan daga bakin kwata, Edem na goye a bayana, ba a makaranta na yi su ba. Ruwa ba ya tsami banza."

"Esinam," in ji Senyo a hankali.

"Kar ka kira ni, Direba. Da ka ce min ka zame sau ɗaya, da na yi kuka na share. Rantsuwar ce ke ci min rai."

"Daavi," in ji Dela, "a ina rigar ke wari?"

"Ko'ina. Wuya, kafaɗa, har baya. Da na sunkuya kansa a gadon asibiti sai da idona ya kawo ruwa. Gashin kansa wari. Girarsa wari. Har cikin kunnensa, da auduga na goge."

"Kunne?"

"Kunne."

"Duka biyun?"

"Duka biyun. Me ye?"

Dela ta ɗan karkata kai.

"A shekarun can da kike ɗauko shi, kin taɓa goge masa barasa a kunne?"

Esinam ta girgiza kai a hankali.

"Ni dai a zamanina da baki nake sha," in ji Senyo. "Ban taɓa asarar ɗigo a kunne ba, Allah na gani."

Tasi ta fara dariya, sai ta katse dariyar. Ta ajiye mafici.

"Fesa masa aka yi."

"Shi nake tunani, Tasi," in ji Dela.

"Fesa masa aka yi! In mutum ya faɗi kurwarsa ta firgita ta bar jiki, ai haka manya ke yi. A cika baki da akpeteshi a fesa masa a fuska, a fesa a kunnuwa ana kiran sunansa. A zuba wa ƙasa nata. In ya farfaɗo a ba shi ya sha, don kurwa ta ji ɗumi ta zauna. Kakata ta yi wa ƙanena da ya faɗo daga bishiyar kwakwa." Ta dubi Senyo. "Amma wa zai yi maka wannan a bakin hanya? Wa ke yawo da kwalba a..."

Ba ta ƙarasa ba.

A hankali ta juya ta dubi Papa.

"Agbeko."

Papa ya kawar da kai.

"Agbeko, ina kwalbarmu?"

"Na zubar."

"A ina?"

Ƙauri ya taso daga madafa. Ba wanda ya motsa. Na ajiye faifan wake, na je na sauke tukunyar akple, na rage wa miya wuta. Daga nan ina ganinsu duka.

Papa Agbeko na kallon tafin hannunsa kamar an rubuta masa wani abu a ciki.

"Papa," in ji Esinam. "Tasi na tambayarka."

Dela ta sassauta murya.

"Papa, ba kotu ba ce nan. Gidan 'yarka ne. Barci kake yi ranar?"

Ya girgiza kai.

"Idona biyu. Na ga awakin. Tuƙinsa lafiya lau, ko kwalbar da ke jakata ba ta girgiza ba sai da muka faɗa."

Esinam ta nemi bakin turmi ta zauna.

"Na jawo shi waje," in ji Papa. "Jini a goshi, ido a juye. Na kira shi, shiru. Na kira Yesu. Na kira, na sake kira, na yi duk addu'ar da na sani. Hanya ba mota, ba mutum, sai awakin can suna kallona. Na sa kunne a ƙirjinsa, ban ji komai ba, ko kuwa bugun tawa zuciyar ce ta hana ni ji. Na ce me zan gaya wa Esinam? Me zan gaya wa Edem?"

Ya dubi hannunsa.

"Hannuna ne ya tafi jaka, ban aike shi ba. Abin da na ga ubana yana yi ina yaro, shi na yi. Na fesa masa. Na zuba a ƙasa. Na kira ubana, na kira uban Senyo, na ce ku dawo min da yaron nan, bai gama aikinsa ba."

"Kai?" in ji Tasi, muryarta ta yi ƙasa.

"Ni."

"Sai me?" in ji Dela.

"Sai ya yi atishawa. Ya buɗe ido yana rawar ɗari, ya ce ruwa. Ba ni da ruwa. Na kafa masa kwalbar."

"Ya sha da yawa?"

Papa ya ɗauki gorar ruwan da ke gefen kujerarsa, ya sa yatsa a wuyanta, ya ja shi ƙasa ya tsaya wajen tsakiya.

"Kamar mai ƙishi ya sha. Ni kuma murna ta hana ni janyewa. Ya koma ya kwanta, amma yana numfashi. Can wata mota ta zo."

"Ciki ba abinci," in ji Dela, kamar da kanta take magana. "Ga jiran da aka yi kafin allura. Ai dole."

Senyo ya daɗe yana kallon surukinsa. Na ɗauka zai tashi, ko ya ɗaga murya. Sai ya shafa tabon goshinsa.

"Ashe na sha."

"Ka sha, ɗana."

"Rabin kwalba, dafin gaske, ban ma ji ɗanɗanonsa ba." Ya girgiza kai. "Tasi, kin ga asara?"

Tasi ta yi dariya hawaye na zuba. Esinam ba ta yi ba.

"Papa, duk Lahadi kana zaune a kujerar nan."

"Esinam..."

"Kana cin tuwona. Kana ji ina kiran uban ɗana Direba. Na raba ɗaki da shi, ka sani, don kai na fara gaya wa. Ka ce min in yi haƙuri, mai hali ba ya barin halinsa. Kai ka faɗa!"

"Da farko ban san zai zama magana ba. Na ɗauka zai warke a wuce wurin. Da 'yan sanda suka zo da zancen jini, bakina ya riga ya ce barci nake yi."

"Sai ka gyara!"

"Da wane baki? Da safe na fizge kwalba a gaban gari, na kira mutane masu bautar matattu. Da la'asar ga ni durƙushe a bakin titi ina kiran matattun da sunansu. Mutum nawa na hana cin jibin Ubangiji a coci a kan wannan abin? Har da ɗan ƙanena. In na faɗa, me na zama?"

"Mutum," in ji Tasi. "Kamar sauranmu. Ba ciwo, mun daɗe a ciki."

Dela ta bari numfashi ya dawo wa kowa, sannan ta ce,

"Kwalbar tana nan?"

"Tana ƙarƙashin gadona. Na kasa zubarwa, na kasa kallonta."

"Da saura ke nan," in ji Tasi.

"Tasi, kar ki kusance ta," in ji Dela. "Yadda take haka nake son ta. Likita zai duba abin da ya ragu, ya duba nauyin Efo da lokacin da aka ɗauka, ya faɗa ko ya yi daidai da abin da aka gani a jini. In ya yi daidai, to barasar bayan tuƙi ta shiga, ba kafinsa ba. Doka ba ta hukunta mutum a kan abin da aka ɗura masa yana kwance."

Esinam ta ɗago.

"To shi ke nan? An gama?"

"Ba a gama ba, Daavi. Kwalba ba ta magana. Ni ma ba zan iya faɗa a madadin kowa ba, ban ga komai ba. Sai Papa ya je ya gyara abin da ya gaya wa 'yan sanda, sannan ya tsaya gaban alƙali ya rantse ya faɗi abin da ya faɗa yanzu. Za su matsa masa, za su ce don ya ceci surukinsa ya ƙirƙira. Kuma ƙofar kotu a buɗe take, Papa. Abin da aka faɗa da safe, kafin azahar ya kai coci."

Papa ya sunkuyar da kai.

Senyo ya ɗauki takalmin ya ci gaba da ɗinki.

"Bar shi, Dela. Koma kan firjinki."

"Efo?"

"Tsohon nan ya ga na mutu ya manta da kansa, ya manta da kujerarsa ta gaban coci. Ba zan saka masa da tsayuwa gaban gari ana nuna shi da baki ba. Abin da nake nema na samu. Esinam ta ji. Tasi ta ji. Mma Adiza ta ji, ita kuwa rijiya ce, abin da ya faɗa ciki ya faɗa ke nan."

Da na ji ya ambaci sunana, na sunkuyar da kai ina juya miya.

"Firjin ba tabbas ba ne," in ji Dela. "In suka kawo shaidar cewa komai ya tafi daidai, ba ni da abin riƙewa. Lasin zai tafi. Makaranta ba za ta jira ka ba."

"Sai in bi Tasi kasuwa mu sayar da kifi."

"Allah Ya kiyaye," in ji Tasi. "Ka cinye min jari?"

"Ba ka isa ba," in ji Esinam, ta miƙe. "Ba ka isa ka yafe abin da ba naka kai kaɗai ba. Sunan nan Edem ma da shi yake zuwa makaranta. Yara suna ce masa ɗan mashayi, bai gaya maka ba ne."

Allurar ta tsaya a hannun Senyo. Wannan karon bai sami abin dariya ba.

Daidai nan muka ji waƙa daga bakin titi tana matsowa. Matan zumuntar coci ne, da fararen ɗankwalinsu, matar fasto a gaba. Papa da kansa ya roƙe su da safe su biyo bayan sujada su yi wa surukinsa addu'a, ko Allah Ya karya masa taurin kai ya amsa laifinsa.

Suka cika bakin ƙofa, suka tsaya suna jiran a ce su shigo.

Dela ta rufe jakarta. Tasi ta ɗauki mafici ta hau fifita kamar ba abin da ya faru. Esinam ta goge ido da bakin zane.

"Papa, yi zamanka," in ji Senyo ƙasa-ƙasa. "Ni za su yi wa addu'a. Ba ta taɓa yi wa kowa yawa ba."

Papa Agbeko ya dafa hannun kujera ya miƙe.

Ya dubi matan. Matar fasto ta ɗan rusuna masa, kamar yadda kowa ke yi.

Bai je wurinsu ba. Ya taka zuwa gindin mangwaro. Ya zame zanen da ya yafa a kafaɗa ya sauke shi zuwa ƙugu, yadda ake yi gaban sarki. Ya cire takalminsa ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya ƙafa a ƙasa gaban mijin 'yarsa.

Waƙa ta mutu a bakin ƙofa.

Senyo ya zabura zai tashi.

"Papa, don Allah, mutane na..."

"Zauna."

Da muryar da yake karanta Littafi a coci ya yi maganar, wadda ake ji har benci na ƙarshe.

"Senyo, ɗana. Barasar da aka gani a jininka ni na ba ka, da hannun nan, kana kwance ba ka san inda kake ba. Na kira kakanni a kanka, sannan na ce barci nake yi, na zuba ido ana ɓata maka suna a gari da cikin ɗakinka. Na yi maka laifi. Ka yafe mini."